Gargaɗi kan masu tallar agogon nutso na "tsohon yayi" a intanet

Jama'a, duk mai niyyar sayen agogon nutso irin na tsohon yayi ya dakata ya karanta wannan kafin ya tura wa kowa kuɗi. Akwai wasu shafuka a Facebook da Instagram da TikTok da ke tallar waɗannan agogunan, suna cewa ragowar tsohon kaya ne daga Japan ko Suwizalan, ba a taɓa ɗaurawa ba, kuma ruwa ba ya shiga har zurfin mita 200. Ba zan kama suna ba, domin sunan ba ya daɗewa: yau shafin na agogo ne, wata biyu baya na takalma ne, gobe kuma wani abin daban. Salon damfarar ne dai ba ya canzawa, shi ya sa shi zan bayyana.

Na fahimci abin da ke jan mutane. Mafi yawanmu ba mu taɓa nutso a teku ba, ba mu da niyyar yi ma. Abin da mutum ke so shi ne agogon da zai yi alwala da shi sau biyar a rana ba fargaba, ruwan damina ya same shi a kan babur, ƙurar hunturu ta bi ta kansa, ya ci gaba da aiki. Agogon nutso don wahala aka ƙera shi. Tun 1953 da kamfanin Blancpain ya fito da agogonsa Fifty Fathoms, Rolex kuma ya ƙera Submariner, siffar ba ta sauya sosai ba: baƙar fuska, manyan alamomi masu haske a duhu, da zobe mai juyawa a gefe don ƙidayar mintoci. Seiko ya shigo a 1965 da nasa na farko mai jure mita 150. Kyawun agogon gaskiya ne. Amma duk darajarsa tana cikin abin da ido ba ya gani a hoto, wato robobin da ke toshe ruwa da injin da ke ciki. A nan ne mayaudaran suke cin kasuwarsu.

Mafi sauƙin nasu su ne masu karɓar kafin alƙalami su yi ɓatan dabo. Hotunan da suka ɗora na wani ne, sun kwaso daga shafukan ƙasashen waje. Za a ce maka saura guda biyu, wani Alhaji ma ya riga ya yi magana, ka tura rabi a riƙe maka. Ka tura, sai a ce an kai tasha an ba direba, ka ƙara kuɗin mota. Ka ƙara, sai lamba ta daina shiga, shafin ya toshe ka. Wannan tsohuwar hanya ce, da waya da atamfa ma ana yin ta.

Waɗanda suka fi damuna su ne masu aiko da kayan. Domin idan ƙunshi ya iso, mutum ya ga agogo mai nauyi yana sheƙi, hankalinsa ya kwanta, har ya koma shafin ya sa musu albarka, wasu su gani su saya. Sai bayan sati biyu ko uku gaskiya ta fito. Wani maƙwabcina ya kawo mini nasa, an sayar masa a matsayin Seiko SKX007. Hazo ya lulluɓe gilashin ta ciki, ɗigon ruwa ƙanana sun jeru a gefen ƙarfe shida, kuma alwala kawai ya yi da shi. Muka kai wa mai gyaran agogo. Murfin bayan da ya kamata a kwance da mabuɗi na musamman saboda zare gare shi, da bakin wuƙa mai gyaran ya ɓalle shi. Babu roba ko ɗaya a bakin murfin. A ciki, wani farin zoben leda ne ya cike wurin, da ɗan ƙaramin inji mai batir a tsakiya, ga tsatsa ta fara cin gefen batirin. A fuskar kuwa an rubuta AUTOMATIC ɓaro-ɓaro, wato mai aiki da motsin hannu ba batir. Mai gyaran ya ɗago ya ce masa, "Malam, wannan ko gumi mai yawa ba zai jure ba."

Tunda SKX007 suka fi kwaikwaya, ga abin da ya kamata a sani game da shi. Seiko ya fara yin sa a 1996, ya daina wajen 2019, shi ya sa maganar "ragowar kaya" take shiga kunne. Makunninsa na saita lokaci yana wajen ƙarfe huɗu ne, ba ƙarfe uku ba, kuma murɗa shi ake yi ya kulle kamar murfin kwalba. Injinsa 7S26 ne, motsin hannu ke ba shi wuta, ba batir. Hannun daƙiƙarsa yana ɗan taku shida a kowace daƙiƙa, sai ka ga kamar yana sulalewa. Idan ka ga yana tsalle ɗaya-ɗaya, mai batir ne. Wannan injin ba a murɗa makunni don a ba shi wuta, kuma idan ka jawo makunnin waje hannun daƙiƙa ba ya tsayawa. In ya tsaya cak, to ba injin asali ba ne a ciki, ko da agogon na gaske ne an sauya masa. Zoben gefe kuma hagu kawai yake juyawa. An yi haka ne don idan mai nutso ya buge shi bisa kuskure, lissafin ya nuna masa lokacinsa ya kusa ƙarewa, ba ya ƙaru ba. Zoben da ke juyawa dama da hagu yana lilo a kan agogon da aka ce SKX007 ne, ya ishe ka hujja.

Akwai kuma rukuni na uku, masu haɗe-haɗe. A samo tsohon inji na gaske da ya gaji, a sa shi a sabon gida mai araha, a buga masa sabuwar fuska da sunan babban kamfani, a shafa wa alamomin launin ruwan ƙasa-ƙasa don su yi kama da sun tsufa. Irin waɗannan sun daɗe suna yawo a kasuwannin intanet na duniya, masu tara agogo sun san da yawansu daga Indiya suke fitowa. Abin lura a nan shi ne haske. Agogunan Suwizalan na shekarun 1960 da 1970 da sinadarin tiritiyom aka shafa musu alamomi, shi kuwa ƙarfinsa yana raguwa da rabi duk bayan kamar shekara 12. Agogon da aka ce ya shekara 50 ba a taɓa shi ba, amma yana ƙyalli da dare kamar sabo, an taɓa shi. Kuma ko da tsohon na gaske ne, robobinsa sun bushe. Mai gaskiya zai gaya maka kada ka sa shi a ruwa sai an sauya su an gwada. Wanda ya rantse maka cewa agogon 1972 zai shiga mita 200 yau, ko bai san kayan ba ko ya san abin da yake yi maka.

Rubutun mita ɗin ma a kula da shi. Mita 30 a jikin agogo ba ya nufin ka nutsa mita 30, fantsamar ruwa kawai yake jurewa. Agogon nutso na ainihi akwai ƙa'idar duniya a kansa, ISO 6425: aƙalla mita 100, a iya karanta shi a duhu daga nisan santimita 25, kuma a gwada shi da matsin da ya ɗara abin da aka rubuta da kashi 25 cikin 100. Kamfanonin kirki irin su Seiko da Citizen kan rubuta DIVER'S a jikin wanda ya cika wannan sharaɗin. Sai dai mai buga jabu ba ya jin kunyar buga kalmar, don haka rubutu kaɗai ba shaida ba ne.

Kada a ɗauka ina cewa sai mai tsada. Casio na da MDV-106, mai batir ne, mita 200, kuma bai ɓoye cewa mai batir ne ba. Vostok Amphibia na Rasha tun 1967 ake yin sa. Orient na da nasa. Har wasu kamfanonin Sin irin su Steeldive da San Martin suna yin sababbi masu siffar tsofaffi, da injin NH35 na gidan Seiko, suna buga sunansu a kai. Wannan ciniki ne na fili, ka san abin da ka saya. A ganina gara agogo mai ƙaramin suna na gaske sau dubu da mai babban suna na ƙarya.

Kafin ka biya, ka ce a yi kiran bidiyo, a saita agogon a lokacin da kai ka zaɓa, a juya zoben, a jawo makunnin kana kallo, a nuna maka murfin baya da lambobinsa. Mai kayan a hannu ba zai ƙi ba. Ka sa hoton tallar a Google Lens, manhajar binciken hoto, ka ga ko daga wani wuri aka ɗauko. Ka duba yaushe aka buɗe shafin da sau nawa ya canza suna, Facebook da Instagram duk suna nuna wannan. In an kulle wurin sharhi, ko sunan asusun banki ya bambanta da na mai magana da kai aka ce na ƙaninsa ne, ka riƙe kuɗinka. In gari ɗaya kuke, ku haɗu a teburin mai gyaran agogon da kai ka sani, a buɗe a gabanka, sannan ka biya.

Wanda kuma ya riga ya tura, kada kunya ta sa ya yi shiru. Ya kira bankinsa nan take ya shigar da ƙorafi, domin kuɗin ba sa kwana a asusun da aka tura su. Ya ɗauki hoton hirar da shaidar biya da lambar asusun kafin a goge, ya kai wa 'yan sanda ko EFCC, sannan ya kai ƙarar shafin a manhajar da ya gan shi.