Sharhi kan CiviCRM bayan azumi guda da muka yi da ita

Ni ne sakataren wata ƙaramar ƙungiyar tallafa wa marayu a Zariya, kuma shekara da shekaru sunayen masu ba mu gudummawa suna warwatse ne tsakanin littafin rajista, da Excel, da wayar ma'ajinmu. Da aka kawo shawarar mu koma CiviCRM, manhajar adana bayanan masu ba da gudummawa, wadda aka fara fitarwa a 2005 domin ƙungiyoyi irin namu, ban ɗauki abin da muhimmanci ba, domin na zaci kasancewar kyauta ake bayar da ita ne kaɗai ya ja hankalin kwamiti.

Abin da ya sauya mini ra'ayi ya faru ne ana saura mako biyu a kama azumi. Hajiya shugabar ƙungiya ta kira ni ta ce, "Malam, ina son sunayen waɗanda suka ba mu bara amma bana ba mu ji daga gare su ba." A da, wannan aiki ne na kwana biyu, ina bin shafi ina ja da biro. A wannan karon na kafa rukunin waɗanda suka bayar bara, na kafa na waɗanda suka bayar bana, sannan na umarci manhajar ta ɗauki na farko ta cire duk wanda yake cikin na biyu, na ajiye sakamakon a matsayin rukuni mai sabunta kansa. Shayin da aka kawo mini bai huce ba na kammala. Abin da ya fi burge ni shi ne, da wani Alhaji ya turo kuɗinsa aka shigar, sai na buɗe rukunin washegari na tarar sunansa ya fita ba tare da na taɓa komai ba, wato mun tsira daga kunyar roƙon mutumin da ya riga ya bayar.

Na kuma sa rukunin 'yan sa kai na Sabon Gari da na Tudun Wada a ƙarƙashin babban rukuni guda, kuma hakan ya yi daidai.

Sai dai duk lokacin da na tuna wasiƙar neman taimakon da muka tsara aikawa ta manhajar raina yana ɓaci. Matashin da muka biya ya ɗora mana manhajar a kan WordPress, manhajar gina shafin intanet, bai kunna agogon da ke tayar da ayyukan da aka tsara ba, wanda suke kira cron, don haka saƙon ya kwana uku a jere yana jira, ni kuwa ina ta tabbatar wa kwamiti cewa ya tafi. Ga kuma maimaicin sunaye, wanda laifinmu ne: mutum ɗaya ya shigo a matsayin Muhammad, da Muhammadu, da Moh'd, kuma da yake ƙa'idar gano maimaici ta dogara ga imel, alhali yawancin mutanenmu lambar waya kawai suke da ita, sai da muka kafa sabuwar ƙa'ida bisa lamba. Nan ma Excel ta riga ta cinye sifilin farkon lambobin, don haka har yanzu ina zama bayan sallar isha'i ina gyara su ɗaya bayan ɗaya.