Gefen tayar keke ya tsage: faci, ɗinki ko sabuwar taya?

A Jos dutse ya fi ƙusa cin tayar keke. Ƙusa ta huda saman taya, mai faci ya gyara tif cikin minti goma, ka hau ka tafi. Amma tsinin dutse a hanyoyin bayan Rayfield, ko a gangaren duwatsun Shere, ko bakin kwalta da ruwa ya zaizaye, gefen taya yake yanka, kuma gyaran wannan daban yake. Sau da yawa mutum yana biyan kuɗin facin tif sau biyu ko uku a rana ɗaya, bai san cewa tayar ce ta samu matsala ba.

Ƙarfin taya ba a robar yake ba. A cikinta akwai saƙar zaren nailan da aka jera a karkace, ita ke riƙe iska. A saman da ke taka ƙasa an lulluɓe saƙar da roba mai kauri, a gefe kuwa robar siririya ce ƙwarai, don taya ta riƙa lanƙwasa tana shan gargada. Idan zaren nan ya yanke, tif zai leƙo ta tsagar kamar hatsi a ɓarkakken buhu, ya kumbura, ya gogi bakin yankan ko birki, sannan ya fashe da ƙara. Saboda haka duk abin da za ka saya, tambaya ɗaya ce: yana miƙewa ko ba ya miƙewa? Abin da ke miƙewa ba zai tare tif ba.

Wannan tambayar ta isa ta cire facin tif daga lissafi. An yi shi ne ya miƙe tare da tif, to idan aka manna shi a cikin taya sai ya biyo iskar ya fito. Idan mai gyara ya ɗauko shi da sholisho, ka ce masa, "Malam, tayar ce ta yage, a sa mata abin da zai tare ta daga ciki." Sufa gulu ma kada ka ɓata kuɗinka: yana bushewa ya yi tauri, gefen taya kuma yana lanƙwasa a kowane juyi, sai ya farfashe, gutsattsarinsa su ci tif.

Akwai facin da aka ƙera musamman don wannan aiki. Wanda aka fi sani shi ne TB-2 na kamfanin Park Tool, guda uku a leda, mai zare a ciki da gam a bayansa. Ka goge cikin tayar, ka ɓare, ka manna, ka mayar da tif. Ba shi da nauyi, ba ya buƙatar sholisho, kuma ga mai keken tsere da ke fita nesa da gari, ya cancanci zama a jaka. Sai dai su kansu masu yin sa na gaggawa suka kira shi. Gam ɗin yana saki idan an daɗe, gefensa kuma yana iya cin tif. Ba kowane shago ke da shi ba, galibi sai an yi oda.

Mahaya da yawa suna naɗe takardar kuɗi ta leda, irin naira 20 ko 50, su cusa tsakanin tif da taya, domin ba ta miƙewa kuma ruwa ba ya cin ta. Tana aiki, amma tana fitowa a lalace, kuma dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ta haramta lalata naira. Gara ka yanki ƙyallen buhun taki ko na shinkafa ka ninka biyu, aikinsu ɗaya. Ledar fiya wata kam ba ta da amfani a nan.

Wanda na fi yarda da shi ga keken aiki, na mai kai yara makaranta ko mai ɗauko kayan gwari daga kasuwar Farin Gada, shi ne guntun tsohuwar taya tare da ɗinki. Kusan kowane mai gyaran keke yana da matattun tayoyi a rataye. A zaɓi siririya wadda samanta ya suɗe, a yanke wayar baki, a fitar da guntu da ya zarce tsagar da kamar santimita 2 ta kowane ɓangare. A kankare gefunansa su yi laushi, don kaifinsu shi ke huda tif bayan kwana biyu. Kafin a manna, a kai wa shumeka ya haɗe bakin tsagar da zaren nailan da siririyar allura. Ka tsaya a kansa: kada ya soka dab da bakin yankan, zaren zai ɓalle, kuma kada ya ja har tayar ta tattare. Daga nan a shafa sholisho a ɓangarorin biyu, a bari ya sha iska har ya daina kama yatsa, sannan a haɗa a danne. Gaggawar mannawa sholisho na ɗanye ita ke lalata yawancin irin wannan gyara. Guntun da ke ciki yana yin aiki biyu, yana tare tif kuma yana raba shi da zaren ɗinkin.

Masu facin mota suna da faci mai zare a ciki na tayoyin mota. Ƙaraminsa yana zama da kyau a faffaɗar tayar keken hawan dutse, amma a siririyar taya kaurinsa zai sa ka ji dum-dum a kowane juyi. Facin wuta kuma ban ba da shawara ba, gefen tayar keke ya yi siriri da wannan zafin. Masu tubles, wato tayar da ba a sa mata tif, su sani cewa ruwan da ke toshe huda ba ya rufe doguwar tsaga, igiyar toshiya ma takan fito idan a gefe ne. A sa tif, a tare shi daga ciki.

Bayan kowane gyara, a ba taya iska a hankali ana kallon wurin. Idan ya taso ko kaɗan, gyaran bai kama ba. Kuma tayar da aka gyara, wilin baya ya kamata ta koma. Ta baya idan ta fashe kana iya tsayawa, ta gaba idan ta fashe a gangare, ƙasa za ka sha, kuma garin nan ba ya rasa gangare.

A ganina tsagar da ta kai santimita 2, ko ta kusanci wayar baki, ko tayar da gefenta ya riga ya tsattsage saboda rana, ba ta gyaruwa. Sabuwa za a saya. A nan ka karanta lambar da ke jikin tsohuwar, wadda ke nuna girman wili a milimita, kada ka tsaya a "inci 28", domin inci 28 iri biyu ne: tsofaffin kekuna irin Raleigh da Phoenix suna cin 635, na zamani kuma 622, ɗaya ba ta shiga wilin ɗaya. Keken hawan dutse mai inci 26 lambarsa 559. Idan hanyarka ta duwatsu ce, nemi mai ƙarin kariya a gefe, kamar Maxxis mai alamar EXO ko Continental Gatorskin ga keken tsere. Tayar gwanjo kuwa ka juya cikinta waje a hasken rana, ka matsa gefenta da yatsa, tsofaffin faci da zaren da ya saki duk za su bayyana.

Kafin ka bar shagon, a duba robar birki. Idan ta karkace tana shafar taya maimakon ƙarfen wili, za ta yanke sabuwar a zagaye, daidai inda ta cinye tsohuwar.