Wata Uku Ina Farautar Dodanni a Cikin The Witcher 3

Bayan ƙaramar salla wani abokina ya ara mini faifan The Witcher 3: Wild Hunt na PS4, ya ce in buga in ga cewa gem bai tsaya a ƙwallo ba. Wata uku na yi ina zama da shi kusan kullum bayan isha'i kafin na kai ƙarshen labarin. Na mayar masa da nasa, na je na sayi nawa.

Kamfanin CD Projekt Red na ƙasar Polan ne ya fitar da shi a watan Mayun 2015, kuma an gina shi a kan littattafan marubucin ƙasar, Andrzej Sapkowski. Wanda kake juyawa sunansa Geralt, mafarauci mai farin gashi da ke yawo gari-gari ana biyansa ya kashe dodanni. Takubba biyu yake ratayawa a baya, na ƙarfe don mutane, na azurfa don dodo. Akwai matsafa, akwai sarakuna da yaƙi, akwai neman wata yarinya da ya rena mai suna Ciri. Duk wannan yana da daɗi, amma dodannin ne suka riƙe ni, kuma a kansu zan yi magana.

Tun a yankin farko, White Orchard, na gane ba irin gem ɗin da na saba ba ne. Wani talaka ya liƙa takarda a allon ƙauye: 'yarsa ba lafiya, kogi ya gurɓace da gawarwakin yaƙi, rijiyar da ta rage kuma wata fatalwa ta tare ta. Na tafi da takobi a zare ina jiran faɗa, sai na tarar da kufai shiru. Sai da na bi ɗakuna ɗaya bayan ɗaya, na karanta littafin da wata mata take rubuta damuwarta, na ga busasshen jini a ƙasa, sannan na leƙa rijiyar na hango ƙwarangwal a rataye da igiya. Matar aure ce aka kashe bisa zalunci, abin hannun da mijinta ya ba ta ya faɗa ruwa, shi ya ɗaure ta a wurin. Dole ka yi nutso ka ɗauko shi, ka haɗa da ƙasusuwan ka ƙone, kafin ta fito. Ko ta fito takobi ratsa ta yake yi kamar hayaƙi, sai ka zana da'irar sihirin da ake kira Yrden ta shigo ciki sannan sara ya kama ta. Sau uku tana kashe ni kafin na koma na karanta shafinta a kundin dodanni. Da na dawo karɓar lada, uban ya ce kuɗin da ya tara don auren 'yar ne. Gem ɗin ya ba ni zaɓi, na bar masa.

Wannan fatalwa ta tsakar rana daga tatsuniyoyin manoman Polan da maƙwabtansu aka ɗauko ta, mace mai fararen kaya da ke bayyana a gona lokacin da rana ta take. Ina ganinta na tuna kakata tana hana mu fita da tsakar rana, tana cewa lokacin masu abu ne, kada a bi ta gindin tsamiya. Ban taɓa zaton mutanen ƙasar sanyi suna tsoron wannan lokaci kamar yadda muka taso muna tsoronsa ba.

Inda ya fi taɓa ni shi ne labarin wani basarake mashayi a yankin Velen, wanda ake yi wa laƙabi da Bloody Baron. Yana dukan matarsa, ta yi ɓari, ya binne jaririyar a ɓoye ba suna. Abin ya tashi ya zama wata mummunar halitta da suke kira botchling, ja-ja-wur, da cibiya naɗe a wuya. Kana iya kashe ta. Kana kuma iya tilasta wa uban ya ɗauke ta a hannunsa cikin dare, ya taka da ita har ƙofar gidansa, ya raɗa mata suna, ya nemi gafararta, ya binne ta ƙarƙashin dokin ƙofa. Na zaɓi ta biyun. Ƙaton mutumin nan yana tafe yana rawar jiki, ni ina gefe ina korar fatalwowi, in jaririyar ta fara fusata in lallashe ta da sihirin Axii. Da ya buɗe baki ya kira ta Dea, muryarsa na karyewa, ajiye abin bugawar na yi. Ina da 'ya'ya biyu, kuma mun taɓa rasa ciki ɗaya. A daren nan ban ƙara buga komai ba.

Sai dodon daji, leshen, dogo kamar bishiya, da ƙoƙon kan barewa mai ƙahoni, yana aiko da kyarketai da hankaki, saiwoyi na tsirowa daga ƙasa suna soke ka. A tsibiran Skellige akwai ƙauyen Fayrlund da dattawa suke girmama dodon, matasa kuma suke so a kashe shi. Na yi ta neman hanyar da kowa zai tsira, babu. Duk ɓangaren da ka bi, jini sai ya zuba a ƙauyen, kuma mutane ne suke zubar da shi.

Ba ko'ina ne ya kai haka ba. Dodannin ruwa masu shuɗin jiki sun yi yawa, kowane bakin rafi suna nan, kuma bayan ka kashe hamsin sai hannunka ya riƙa yi ba tare da kai ba. Haɗa mayukan da ake shafa wa takobi da magungunan sha yana da ruɗarwa a kwanakin farko. Kuma in ba ka jin Turanci sosai, ko Larabci a rubuce, rabin daɗin ya wuce ka, domin labarin kowane dodo a cikin wasiƙu da hirar ƙauyawa yake.

Gargaɗi na gaske ga iyaye: an rubuta 18 a jikin kwalin, kuma ba da wasa aka rubuta ba. Akwai tsiraici, ashar, giya, da sare kawuna, ga tsafi a ko'ina. Wasu wuraren da kaina nake tsallake su. Kada a saya wa yaro, kada kuma a kunna a falo yara na zaune. Ni sai sun yi barci nake sa abin ji a kunne.

Ga babba mai haƙurin karatu, wanda ya taso da tatsuniyar Dodo yana son jin yadda wasu mutanen suke ba da tasu, kuɗinsa ba zai tafi a banza ba. A nemi faifan da ya haɗo da ƙarin labaran nan biyu, Hearts of Stone da Blood and Wine. Na biyun, wanda ya fito a 2016, na fara shi makon jiya, kuma tuni na tsinci kaina a wani tsohon gida da aka rataye cokula ko'ina, ina bin sawun wata mata da aka la'anta saboda ta hana almajiri abinci.