Mai saita baka na Sabon Gari, ya iya aiki amma sai kana da haƙuri

Masu tambaya a ina ake saita baka na zamani mai taya a Kano, to akwai wani bawan Allah a cikin Sabon Gari, asalin sana'arsa gyaran keken ɗinki ne, bakan a gefe yake taɓawa, shagon ko allo babu sai an nuna maka. Yana da injin matse baka wanda ake sassauta tsirkiya da shi, kuma wannan kaɗai ya isa a je wajensa.

Abin da ya kai ni shi ne abin da yake kai kowa. Ka harba kibiya da kan atisaye mai tsini zalla ya shige tsakiya, ka ɗaura kai mai wuƙa na farauta a wannan kibiyar dai, a yadi 30 ya sauka ƙasa da kusan taƙi guda. Yawancin mutane sai su murɗa saiti, wato abin jikin baka da ake duban wurin harbi ta cikinsa, su bi mai wuƙar shikenan, to shi ko kusa ba ya yarda, yana cewa "Yallaɓai ka bar saitin nan, ba shi da laifi." Wuƙaƙen nan kama iska suke kamar fiffike, in kibiya ta bar baka a karkace ko da ƙiris ne, da kan atisaye gashin baya zai miƙar da ita ba ka ma sani ba, amma da mai wuƙa gaba na ja baya na ja, sai ta bi inda gaban ya nufa. Wato karkatar tana nan tun farko, mai wuƙar tona ta kawai ya yi.

Kafin ya taɓa bakan sai da ya ɗora kawunan a sikeli, duka dole su zama nauyi ɗaya, nawa giren 100 ne, giren shi ne ma'aunin nauyin kibiya. Sannan ya murza kowace kibiya a kan wasu ƙananan boris yana kallon tsinin, wadda take rawa ya ware ta gefe. Sai taurin kibiya, lambar nan da ake rubutawa a jiki 500, 400, 340, ƙaramar lamba ita ta fi tauri. A gabana wani ya zo da baka mai ƙarfin ja fam 70 da kibau masu lamba 500, ya faɗa masa gaskiya babu murɗa ƙusar da zai gyara wannan, ya je ya nemi masu tauri tukuna, ko sisi bai karɓa ba. Wallahi nan ya burge ni, don wani gwanin murɗe murɗe zai yi ya karɓi kuɗinka ka tafi.

Daga nan ya duba tayoyin sama da ƙasa ko tare suke tsayawa in an ja, ya sa mazaunin kibiya wajen 13/16 na inci daga jikin bakan, ya ce in harba ta cikin takarda a ga yadda za ta yage. Wannan duk share fage ne, ainihin aikin a fili yake. Mai wuƙa ake fara harbawa sannan na atisaye ya biyo, don in ka fara da na atisaye sai wuƙar ta yanke maka gashin ɗaya kibiyar. Sama da ƙasa yake fara gyarawa, nawa tunda mai wuƙar ƙasa yake sauka ya ɗan ɗaga mazaunin, kuma ɗagawar fa ba ta wuce 1/32 na inci, wani lokacin ma ba ka ganin ya motsa. Hagu da dama kuma ya matsa ƙiris a harba, in tazarar da ke tsakanin mai wuƙa da na atisaye ta ƙaru ya koma ɗaya ɓangaren. Sai da suka haɗu wuri ɗaya a yadi 20, aka ja baya zuwa 30 da 40 suka ƙara haɗuwa, sannan ya ce to yanzu taɓa saitinka. Ya kuma hana ni damƙe bakan da ƙarfi, wai hannu ma yana murɗa shi, kuma da gaskiyarsa.

Inda matsalar take, ba shi da fili. Bayan shagon ko yadi 10 bai kai ba, dole ku sa rana ku fita bayan gari, mu wajen Kumbotso muka yi, kuma kai za ka ɗauke shi ka dawo da shi, ga waya ba ya ɗagawa sai ya ga dama. Kayan gyara ma ba ya ajiyewa, tsirkiya ko gashi sai ka yi oda daga waje ka jira. Abin da ake harbi a jikinsa na soso mai kauri kai za ka zo da naka, na buhu mai wuƙa yaga shi yake. Ku fita da sassafe kafin iskar hunturu ta taso, in ba haka ba ba za ku gane laifin iska ne ko na baka ba.

Kuɗin aikin bai yi yawa ba, man mota ma ya fi ci min. Amma gyaran ba na har abada ba ne, ka bar baka a but ɗin mota a zafin Afrilun Kano tsirkiya za ta saki komai ya goce, sai ka sake nemansa, kuma ka san zancen wayar nan.