Mai sikirin ko mara sikirin: wanne za ka saya in zanen faɗa za ka koya?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Tsakanin allon zane na kwamfuta mai sikirin da mara sikirin da ka tambaya, tunda katun ɗin faɗa kake son koyon zanawa da hannu, kuma ka ce kana da laftof, sayi mara sikirin. Ragowar kuɗin ka ƙara wa laftof ɗin RAM, wato ma'ajiyar da take riƙe aikin da ake kan yi, ko ka canza mata batir.

Nawa Huion H640P ne, ɗan ƙarami. Wurin zanensa inci 6.3 ne a tsawo, 3.9 a faɗi, da maɓallai shida a gefe. Waya ɗaya tak ke haɗa shi da kwamfuta, alƙalaminsa kuwa ba shi da batir balle a yi maganar caji. A jaka ɗaya nake zuba shi da laftof in tafi duk inda nake so.

Akwai wani dattijo mahauci a unguwarmu wanda ya yi dambe a ƙuruciyarsa. Lokacin da nake zana duka ɗaya na dambe, sai na ɗauki jakata na nufi rumfarsa bayan la'asar, ciniki ya lafa. Babu wuta a layin gaba ɗaya, a kan batir muka yi aikin. Na ɗora laftof a benci, allon a cinyata, na ce, "Baba, duba mini wannan." Sakan biyu ne kacal. Ya ce in maimaita, na maimaita. Sai ya miƙe, ya ture kujera gefe, ya buɗe ƙafafu ya rage tsawo, ya miƙa hannun hagu tafin a buɗe, ya ja na dama can baya. Ya ce, "Ɗan nan, kalli ƙuguna, kada ka kalli hannu. Hannu shi ne na ƙarshen tafiya." Ya yi shi a hankali ina kallo: diddigen ƙafar baya ya ɗaga, ƙugu ya juya, kafaɗa ta biyo, sannan hannu ya zagayo ta sama. A zaune a wurin na sa juyawar ƙugu ta riga ta kafaɗa da zane biyu, na cire zane ɗaya daga tsakiyar tafiyar hannun, na sake kunnawa. Dukan na sauka sai ga Baba ya kauda kansa gefe, ya yi dariya ya ce, "To, yanzu ya ji a jikinsa." Kafin a kira magariba mun gyara har faɗuwar wanda aka daka, shi yana nunawa da jikinsa, ni ina bi da alƙalami. Har yau in ya gan ni da jakar sai ya tambaya wa za a kashe yau.

Abin da ya sa na dage a kan wannan allo shi ne, faɗa a katun lissafin lokaci ne kafin ya zama kyan zane. Fim yana tafiya a kan firam 24, wato hotuna 24 a jere, a sakan ɗaya. Masu zane da hannu yawanci suna barin kowane zane ya zauna firam biyu, ka ga zane 12 ke nan a sakan. Katun ɗin talabijin na Japan sau da yawa firam uku suke ba zane, ya zama takwas a sakan. A wurin faɗa kuwa cakuɗa su ake yi. Ɗauki duka ɗaya ka gani. Jan hannu baya, inda mai duka ke tara ƙarfi, ka bar shi ya daɗe, firam shida zuwa takwas, don idon mai kallo ya san daga ina abu zai fito. Tafiyar hannun zane ɗaya ya isa, ko biyu, kuma ɗayan ka ja shi ya yi tsawon da ya wuce na hannun mutum, ya zama jirwaye. Ba mai ganinsa a matsayin zane, guguwar kawai za a ji. Inda dukan ya sauka ka riƙe firam biyu ko uku. Daga nan kan wanda aka daka ya fara tafiya, gangar jiki ta bi, ƙafafu su biyo, layu da ƙura su zo a ƙarshe. Ka ƙara zane uku a tsakiyar tafiyar hannun nan, dukan ya zama shafa. Ka rage jan hannun baya, mai kallo ya rasa me ya faru.

Waɗannan lambobi ba a haddace su. Sai ka kunna, ka kalla, ka matsar da zane ɗaya, ka sake kunnawa, har idonka ya fara gaya maka kafin ka ƙirga. Masu zane a takarda suna saƙala shafuka tsakanin yatsunsu suna kaɗa su gaba da baya don su ga motsin. A allon, biyu daga cikin maɓallan gefe na ɗora wa wannan aiki, ɗaya gaba ɗaya baya, na uku gogewa, na huɗu kunnawa. Hannun hagu ba ya barin wurin. Sikirin ba ya ƙara maka komai a wannan darasi. Hasali ma tafin hannunka da alƙalami suna rufe maka rabin mutumin da kake son ganin yadda yake motsi, alhali a mara sikirin idonka na kan jikin gaba ɗaya, tun daga ƙafa har dunƙule, kana zaune a miƙe.

Mai sikirin na taɓa sayen na hannu, mai inci 13. In an zo tsabtace layi na ƙarshe ya fi daɗin aiki, wannan na yarda, iyakarsa ke nan. Wayarsa mai kawuna uku ce, dole laftof ɗinka ta kasance da ramin HDMI ko USB-C mai fitar da hoto, in an ɗauke wuta kuma yana shanye batir kana kallo, ga ɗumi a ƙarƙashin hannu lokacin bazara. Na sayar da shi. Kuɗin sabonsa zai sayi ƙaramin mara sikirin aƙalla uku.

Za a ce maka da wuya mutum ya zana a ƙasa yana kallon sama. Gaskiya ne, a kwanakin farko layinka zai riƙa zuwa inda ba ka aike shi ba. Amma direba ma titi yake kallo, ba ya leƙa giya, kuma haka hannu ke sabawa. Ka ajiye linzamin kwamfuta gefe na mako ɗaya ko biyu, ka riƙa yin komai da alƙalamin, har buɗe fayil. Ka ajiye allon daidai saitin sikirin ɗin laftof, kada ya karkace. A cikin saitin direban allon kuma, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta gane shi, ka daidaita siffar wurin zane da ta sikirin, in ba haka ba za ka zana da'ira ta fito ƙwai.

Manhaja kada ka kashe mata ko sisi. Krita kyauta ce, tana da sashen zane mai motsi tun fitowa ta 3.0 a 2016, kuma daga ta 5.2 a 2023 ba sai ka nemo manhajar haɗa bidiyo ta FFmpeg daban ba kafin ka fitar da bidiyo. In ka danna alamar ƙwan fitila a gefen shimfiɗar zane (layer), za ka ga inuwar zanen baya da ja, ta na gaba da kore, a tsakaninsu za ka sa sabon. Tana cin RAM dai, shi ya sa na ce ka ƙara, kuma ka riƙa aiki a kan girman hoto na 1280 da 720, ka yanka faɗan gunduwa-gunduwa, kowane yanki da fayil ɗinsa. In laftof ɗin ta tsufa sosai, Pencil2D ta fi sauƙin ɗauka. OpenToonz ma kyauta ce tun 2016, daga manhajar da kamfanin Ghibli na Japan ya yi aiki da ita ta fito, amma bar ta tukuna, za ta cinye maka lokacin da ya kamata ka yi zane.

Takarda kuwa kada ka rabu da ita. Ƙaramin littafi da fensir su ne na tsara tsayuwa: mutum-mutumi na sanduna, layi ɗaya daga diddige zuwa dunƙule, ka cike shi da baƙi ka gani ko ana gane me yake yi ba tare da fuska ko tsoka ba. In ba a gane ba, babu allon da zai cece shi.

Tunda zancen ya zo, in faɗa maka inda za ka fara. Na san kung fu ne ya ja ka, kamar yadda ya ja yawancinmu, amma fara da dambe. 'Yan dambe biyu sukan daɗe suna zagaya juna, garkuwa a miƙe tana taɓa garkuwa, ƙafa na ja a ƙasa, sannan abu ya fashe a ƙiftawar ido. Wannan jiran zane kaɗan yake ci, fashewar kuma ita ce darasin da kake nema. Musayar hannu ta kung fu, tarewa da ramawa a jere, tana cin zane da yawa a sakan kaɗan, kuma kowane ɗaya sai nauyin jiki ya zauna daidai. Kokowa ta fi su duka wahala, don jiki biyu ne a sarƙe, sai ka san wa ke ɗauke da nauyin wa a kowane zane. In ka je gidan dambe ka ɗauki bidiyo da waya, tsaya nesa yadda ƙafafu za su fito, a can labarin yake.

Idan lokacin kung fu ya yi, nemi finafinan da Lau Kar-leung ya shirya wa kamfanin Shaw Brothers na Hong Kong a shekarun 1970 da farkon 1980. Shi kansa gwanin salon Hung Gar ne, kuma yana barin kyamara ta nuna jiki gaba ɗaya ba tare da yawan yanke-yanke ba, kowane motsi yana da farko da ƙarshe. A YouTube, in ka tsayar da bidiyo a kwamfuta, maɓallin waƙafi yana mayar da kai baya firam ɗaya, na aya yana kai ka gaba firam ɗaya. Da su za ka ƙirga komai. A ɓangaren katun kuma ka bi aikin mai zanen katun Yutaka Nakamura na kamfanin Bones na Japan da waɗannan maɓallai biyu, za ka tarar da zanen baƙi da fari da ake cusawa na firam ɗaya ko biyu daidai saukar duka. Kada ka yi saurin kwaikwayonsa. Dukan da ba shi da nauyi, walƙiya ba ta ba shi. Abu ɗaya kuma da za ka kiyaye tun yanzu: wanda ya fara a hagu ya zauna a hagu in ka canza kusurwa, sai dai in an nuna lokacin da suka yi musayar wuri.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu sayarwa. Akwai allon nan na yara mai maɓalli ɗaya na gogewa, wanda ba ya haɗuwa da kwamfuta ko kaɗan, wasu suna tallarsa a intanet da sunan allon zane. Akwai alƙalami mai bakin roba na taɓa waya, a ce maka yana jin dannawa, ƙarya ce. In na hannu za ka saya, kada ka karɓa babu alƙalaminsa ko da an ce "ai ana samu", domin na wani samfurin ba lallai ya yi aiki a wani ba, kuma nemansa daban kan ci rabin kuɗin allon. Wasu tsofaffin samfura alƙalaminsu na caji ne, ka bar musu kayansu. Ka tafi da laftof ɗinka shagon, ka riga ka sauke direban daga shafin kamfanin, ka gwada a gabansa. Ja layi daga sirara zuwa kauri ka gani ko yana bin nauyin hannunka. Ɗora rula ka ja layi a karkace a hankali, in yana rawa da yawa ajiye shi. Taɓa kusurwoyi huɗu. Girgiza wayar a bakin raminta, in haɗin yana yankewa wannan allon ya kusa mutuwa. Duba ƙarin bakunan alƙalami a kwali, don wasu suna zare su su sayar maka daban. Wanda ya ce ka turo kuɗi duka kafin ka ga kaya, ko ya hana ka gwadawa, juya ka tafi. Mai cewa zai saka maka manhajar zane ka biya shi, yawanci ta sata ce, kuma tana iya zuwa da cutar kwamfuta.

Za su kuma ruɗe ka da lambar matakan dannawa, wato yawan matakan nauyin hannu da alƙalamin ke iya bambancewa. Wacom Intuos yana da 4096, Huion da XP-Pen da yawa suna da 8192, wasu sababbi har 16384. Ba girin-girin ba, ta yi mai. Zanen faɗa na gwaji da layi mai kauri ɗaya ma ana yin sa, hannunka ba zai bambance waɗannan lambobi ba.

In kuɗinka kaɗan ne, ɗauki ƙarami irin nawa. In za ka iya ƙarawa, ɗauki matsakaici mai inci 10 da 6, kamar XP-Pen Deco 01 V2, domin a kansa za ka ja layi daga gwiwar hannu, kuma layin shuri da na juyi sun fi fita haka. Wacom kayansu na da ƙarko, in ka samu sabo a farashin da ya yi maka babu laifi, amma kada ka ci bashi saboda suna. In ya iso, zana duka ɗaya na sakan biyu da 'yan sanduna, babu fuska babu launi, ka turo nan zauren mu duba tazarar tare.