Yaya, ga labarin aikin da na samu a Ingila

Yaya, ina gaisuwa da fatan kowa lafiya. A gaida Inna da yara.

Ka tambaye ni aikin da nake yi. Sharar daji ce a ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki, irin waɗanda suka taso daga Kainji suka iso mana Birnin Kebbi. Ba su wasa da reshe kusa da waya. A Agustan 2003 bishiyoyi ne suka taɓa waya a jihar Ohio ta Amurka, mutum kusan miliyan 50 suka shiga duhu har Kanada.

Ranar farko ba adda aka miƙo min ba, hotunan wata ciyawa aka baje mana. Suna ce mata hogwid. Daga tsaunukan Kokasas da ke iyakar kudancin Rasha aka kawo ta a ƙarni na 19 don ado a lambu, sai ta ɓalle ta cika bakin rafuka. Tsayinta kan kai mita 5, furenta fari a buɗe kamar lema, karanta da ɗigo-ɗigon jar kala. Ruwanta ya taɓa fata, rana ta bugi wurin, kwana ɗaya ko biyu sai bororo kamar an watsa tafasasshen ruwa. Wani abokin aikina ya naɗe hannun riga ya nuna min tabonsa, baƙi ƙirin, har yau ba ya barin rana ta gan shi. Tun 1981 doka ta hana shuka ta a daji.

Safar hannu, tabarau, takalmin roba, rigar da ke rufe jiki har wuya, duk mai aikin ne ke bayarwa, ko sisi ba a cire wa a albashi. Injin yankan ciyawa ba ya zuwa kusa da hogwid ɗin, don yana fesa ruwan a fuska. Shebur ake sa wa a datse saiwar a ƙasa. Amma gaskiya addarsu ba ta kama ƙafar ta maƙeranmu na Jega ba.

Abin da ke damuna shi ne yaranmu da ke sare tumfafiya sanye da silifas, nononta na fantsama kusa da ido, babu mai ce musu komai. Na aiko safar hannu biyu da tabarau ta hannun wanda zai zo. Ka ba Auta, don Allah ka tabbatar yana sa su, kuma kada ya hau dalbejiyar nan ta bakin waya da damina.