Wata huɗu ina amfani da Anki a ajin Faransanci na intanet

Gaskiya da farko ban ɗauki Anki, manhajar haddace abubuwa ta hanyar kati, a bakin komai ba. Malamarmu ce ta dage sai kowa ya sauke shi a wayarsa tun satin farko, ni kuma na riga na sha wuya a wani kwas da na yi a baya, inda malamin zai ɗora bidiyon awa biyu yana ta zuba kana kallo, ka gama ka rufe kwamfuta, washegari ko kalma goma ba za ka iya kawowa ba. Shi ya sa da na buɗe Anki na ga ba ado ba kwalliya, fari fat sai rubutu, na ce wannan ma wani ɓata lokacin ne.

Sai a sati na tara abin ya juya ni. Ranar muna gwajin baka ta Zoom, kowa ya kunna kyamara, Malama ta kira sunana ta ɗago makulli a hannunta. Wallahi kafin in yi tunani "la clé" ya fito daga bakina, har da "la" ɗin daidai, ni da kullum le da la suke rikita ni saboda a Faransanci kowane suna ko namiji ne ko mace kuma ba ka da tabbas sai ka haddace. Ta ɗago laima, na ce "le parapluie". Ta nuna tagar bayanta, ta nuna agogon bango, duk suna zuwa ɗaya bayan ɗaya, kuma kalmomin nan tun satin farko na zuba su a Anki, a zatona sun daɗe da tafiya. Da ta ce madalla ta wuce kan na gaba, na kashe makirfo na zauna shiru hannuna na rawa, don ban taɓa jin kaina haka a wani yare ba.

Daga baya na gane dabarar. Kati ne, tambaya a gaba amsa a baya, ka gwada tunowa kafin ka juya, sannan ka faɗa masa gaskiya: na manta, da wuya, daidai, ko da sauƙi. Wanda ka manta zai dawo maka cikin mintuna, wanda ka sani ya tura shi kwana uku, sati biyu, wata guda, yana ƙara tazara. Malama ta ce tushen abin tun 1885 ne, lokacin da wani Bajamushe Hermann Ebbinghaus ya gwada kansa ya nuna cewa mantuwa ta fi gudu a sa'o'in farko bayan koyo, maimaici a kan lokaci shi ke rage mata gudu. Damien Elmes ne ya fitar da Anki a 2006, sunan ma da Japananci haddacewa yake nufi. Ita kuma Malama ta iya haɗa shi da darasi, bidiyonta ba ya wuce minti goma sha biyar, mu muke rubuta katinmu da cikakkiyar jimla, ranar haɗuwa kai tsaye kuwa ba lacca, magana kawai ake yi mutum uku uku. Kuma Anki yana aiki ko ba intanet, wannan ya taimake ni sosai.

Amma fa kada in yi ta yabo in manta abin da ya kusa sa in goge shi. Yana zuwa da sabbin kati 20 a rana, ni da zumuɗi bayan gwajin nan na mayar da shi 50. Sai rashin lafiya ta kwantar da ni kwana goma sha ɗaya. Ranar da na samu sauƙi na buɗe, kati sama da 700 suna jirana, raina ya ɓaci ƙwarai, sati biyu na yi ina biyan bashi ba tare da na koyi sabon abu ko ɗaya ba. Malama ce ta ce in tsayar da sabbin gaba ɗaya sai na share tsofaffin, da ba don ita ba da na haƙura da shi.

Abin da ya fi ƙona min rai ma, akwai tarin kati da wani ya haɗa ya saki, na sauke don in rage wa kaina aiki, ashe akwai kurakurai a ciki. Ya rubuta "le mer" maimakon "la mer", teku kenan, ni kuma na yi ta danna daidai, daidai har wata biyu, ya zauna min daram kamar yadda sauran suka zauna. Duk abin da ka zuba masa shi zai dasa maka. Na goge tarin nan kaf, na koma rubuta nawa ina duba ƙamus, na mayar da adadin 15 a rana. Katin tekun na sake shi da jan rubutu, amma har jiya a aji da zan faɗi kalmar sai da "le" ya riga zuwa bakina, na tsaya na gyara.